Sawun da Aka Shafe a Bakin Kogi

Ranar da aka fasa shingen yashi, ni da barona muka yi karo da ruwa tun kafin mu kai inda nake kafa tukwanena. Ni ce mai sayar wa leburorin wurin abinci, kuma tun da kamfani ya fara kwashe yashin kogi yana cike fadama don gina sababbin gidaje, kullum busasshiyar ƙasa nake takawa. Ran nan kuwa sai ga ruwa har idon sawu, bokitan leburori suna yawo a kai kamar agwagi.

Da can kogin ta bayan lambuna yake lanƙwasawa. Kamfani ya tone lanƙwasar, ya tara yashin ya yi dogon shinge da buhuna, ya kore ruwan gefe, sannan ya jera gidaje a inda muke shuka albasa a da. To, wannan shingen ne aka wayi gari an tsaga shi da shebur a tsakiya, ruwa kuma ya ƙarasa aikin. Layin farko na gidajen, waɗanda har an yi musu fenti ana cewa wata mai kamawa masu su za su tare, ruwa ya kai musu taga. Katafila ta karkace ta kafa hanci a laka.

A bakin tsagar kuma, ga kwale-kwalen ƙanina Auta a ɗaure.

Auta masunci ne, kuma baki gare shi, wannan ba zan ɓoye ba. Tun da aka tone kogin kifi ya gudu, shi kuma ya tsaya a gaban rumfata ya ce wata rana sai ya mayar da kogin nan gidansa. Kowa ya ji. Shi ya sa kafin in iso har leburori sun ɗauko shi daga shimfiɗarsa, ɗan kwangila ya sa an kulle shi a kwantenar da suke ajiye siminti. Ya kira 'yan sanda, sai dai ruwa ya cinye hanyar wurin, dole su zagayo ta gada, ba za su iso ba sai wajen la'asar.

Na buga ƙarfen na ce, “Auta, kai ne?”

Ya ce, “Wallahi Yaya ba ni ba ne! Da ni ne ai da rana zan yi, in tsaya a kai in yi kirari!”

“Rufe min baki, mara hankali, ana jin ka!”

Na juya neman maigidana. Shi ne babban mai filasta a wurin, ɗan kwangila yana jin maganarsa. Na same shi zaune kan bulo ya dafe kai. Na ce, “Maigida, ka tashi ka sa baki mana, za su tafi da yaron nan.” Ya ce kansa ke sara, in bari a ga abin da hali zai yi. Raina ya ɓaci, amma ban tsaya ja-in-ja ba. Na tare mai babur na ce ya kai ni gidan Kawu, kuma kada ya ji tausayin ramuka.

* * *

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, kuma bin sawu ne sana'arsa tun ana satar shanu har aka koma satar babura. Ɗan siririn tsoho ne mai yawo da tsohuwar lema da gorar ruwa a rataye. Lemar ba ta buɗuwa, nuni kawai yake yi da ita. Idan ya ga sawu a ƙasa sai ka ga idonsa ya kawo haske kamar yaro ya ga alawa.

Yana saukowa daga babur ya kalli taron da ya tattake bakin shingen, ya riƙe baki. “Kai, sannunku da aiki! Ko ɓarawon ne ya ɗauke ku haya ba za ku fi haka ba.”

Ɗan kwangila ya taso yana kumfar baki, ya ce an riga an kama mai laifi. Kawu ya ce, “To ai ba ka da asara, ranka ya daɗe. In shi ne, zan ƙara maka hujja. In ba shi ba ne, ka ga wanda ya yi yana nan, gobe ma zai iya komawa.” Mutumin ya ce a bar shi ya duba.

Kawu ya tsuguna wurin kwale-kwalen ya taɓa igiyar. “An ɗaure shi tam, har sau biyu. Wanda ya yi ɓarnar nan ruwa na ƙoƙarin cin sa, amma ya tsaya ya ɗaure jirgi don kada ya ɓace.”

Wani lebura ya ce, “To ai shi ya sa muka ce mai jirgin ne.”

“Mai jirgi da ya iya tuƙi zai bar jirginsa a nan ya tafi da ƙafa? Wannan ruwa ne ya fi ƙarfinsa ya kasa mayarwa.” Na ji wani sanyi a raina, har na fara tafa hannu. Kawu ya harare ni ya ce in adana tafin tukuna.

* * *

Da maigadi muka fara. Ya rantse bai runtsa ba, ga shatin tabarma kuwa ɓaro-ɓaro a kumatunsa. Ya ce ya ga wani dogon abu fari yana tafiya a kan ruwa.

Kawu ya ce, “Madalla. Abin nan fari, kafin ka kwanta ka gan shi ko bayan ka tashi?”

Maigadi ya sunkuyar da kai. Can ya ce gaskiya ƙarar tifa ce ta tashe shi da asuba, kuma a wurin nan direba ɗaya ne ke taka mota kamar ana bin sa bashin rai, wanda ake kira Wuta-wuta.

Ai kuwa muka bazama. Kawu yana gaba yana nuni da lema, ni ina biye da zanina a hannu, bayanmu mutane kamar ana rakiya. Ga sawun taya ya shigo wurin a sama-sama, ya fita ya nutse. Na ce, “Shi ne! Kawu, wallahi shi ne, dama idonsa bai yi min ba!”

Muka same shi a ƙarƙashin tifarsa yana ta ƙwanƙwasa abin da lafiyarsa ƙalau. Da ya ga lemar Kawu ta leƙo sai ya fito tsamo-tsamo. Tun ba a tambaye shi ba ya fara rantsuwa. A ƙarshe dai ya amsa cewa ya saci yashi tifa guda ya kai ƙofar gidan surukansa da ruwa ke kwanciya, don uwar matarsa ta daina yi masa gori.

“Da ka zo, shingen yana nan?”

“Ya riga ya fashe, Baba. Na ga ruwa na ce yau kam ba wanda zai lura da tifa ɗaya.”

Kawu ya koma ya tsuguna kan sawun, ya nuna mini. Tayar a kan sabuwar laka ta taka, ba lakar ce ta rufe ta ba. Ruwa ya riga motar zuwa ke nan. Na ji haushi ƙwarai, don har na gama shirya zagin da zan yi masa.

* * *

Daga nan sai wani sawun ya ɗauke hankalin Kawu: ƙananan ƙafafu ba takalmi, da ɗigon sanda a gefe, sun bi gindin shingen sun koma cikin gari. Ba sai an gaya mini ba, na san Iya mai lambu ce. Ita ce ta fi kowa asara, don lambunta na goba ne aka fara binnewa, kuma tun daga ranar ba ta ga hular kamfani ta wuce ba ta tsine mata ba.

Muka same ta a tsakar gidanta, ga fartanya da ɗanyen yashi a jiki. Mutane suka fara ƙus-ƙus.

Iya ta ce, “Ku daina raɗa, kunnena ƙalau. Ni kuke zargi? To na gode da kuka ɗauka ina da ƙarfin. Da ina da shi, da tuni kun kwana a ruwa.” Ta nuna wasu 'yan tsiron goba a cikin gwangwanaye. Su ta je tonowa da sassafe a gefen shingen, inda tsohon lambunta ya ƙi mutuwa.

Kawu ya zauna ya yaba tsiron, ya tambayi ciwon gwiwarta, har na fara ƙosawa. Rana tana ta yin sama, Auta yana cikin ƙarfe. Sai can ya ce, “Iya, a hanyarki ba ki ga wani abin da ya ba ki mamaki ba?”

“Mamaki? Sai dai inda yaron nan yake ɗaure jirginsa. Na wuce na ga an gyara wurin sumul, na ce oho, yau kuma ɗan ƙazamin nan aure zai yi?”

Kawu ya miƙe tsaye zumbur, har gorarsa ta bugi gwangwani.

* * *

Tsohon nan gudu ya yi, wallahi gudu, ni da nake sa'ar 'yarsa sai da na yi haki. Mashigin da Auta yake ɗaure kwale-kwale yana can sama da shingen, bayan wasu duwatsu, ba mai zuwa sai shi. Kawu ya tare mutane da lema ya ce duk wanda ya sauko sai ya fasa masa kai. Ni kaɗai ya bari.

Wurin da na sani cike da sawu da ɓawon kifi da tsummokaran raga, yau ya zama fili fes. Ba sawu ko ɗaya, daga duwatsu har bakin ruwa.

Na ce, “Shi ke nan, ya goge. Mun rasa.”

“Mun rasa? 'Yar nan, ai nan ne ya sa hannu!” Ya kwanta rub da ciki yana kallon yashin ta gefe, yana dariya shi kaɗai. “Na bi ɓarayi iri-iri. Mai jan reshe na gani, mai watsa ruwa na gani, mai koro tumaki su taka masa sawu ma na gani. Zo ki ga wannan.”

Na tsuguna. Sai na ga ashe ba shara ba ce. Shafa ce, baka-baka kamar rabin faranti, kowace ta hau kan 'yar'uwarta, tun daga bakin ruwa ana ja da baya har kan dutse. A ƙarshe kuma an datse gefen a karkace, tsaf. Kawu ya buɗe gorarsa ya tsiyaya ruwa a sama. Ruwan bai tsaya ko'ina ba, ya miƙe ɗoɗar ya gangara kogi.

“Kin gani? Yana tsoro, yana sauri, gari na shirin wayewa, amma sai da ya ba wurin gangara don kada ruwa ya kwanta. Da katako ya yi. Wannan ba gogewa ya yi ba, daɓe ya yi.”

Na yi tsalle na buga guɗa. “Auta ko tabarma bai iya shimfiɗawa daidai ba! Magini ne! Kawu, dogon maginin nan ne da ɗan kwangila ya taɓa kora ya dawo da shi, na rantse!”

Kawu bai yi dariya ba. Ya daɗe yana rufe gorarsa, ya ce, “Ki koma wurin tukwanenki, ki bar mini sauran.”

Na ce ko da igiya aka ɗaure ni sai na gani da idona.

* * *

Bayan azahar Kawu ya sa leburori suka baje ɗanyen yashi a gaban kwantena, ya ja layi ya raba shi fili-fili. Ya sa aka zube reshe, da tsintsiya, da shebur, da katakai a gefe. Aka fito da Auta yana jiƙe da gumi, fari fat da ƙurar siminti. Aka kira Wuta-wuta, da maigadi, da Iya, da maginan wurin su uku har da maigidana. Gari kuwa kaf ya zo, wasu har kan tifa.

Kawu ya ce, “Wasa za mu yi. Kowa ya taka filinsa, sannan ya goge sawunsa da abin da ya ga dama.”

Auta ya bi nasa da ƙafa yana tumurmusawa, ya bar shi ya fi da muni, mutane suka kwashe da dariya. Wuta-wuta ya kwashe nasa da shebur har ya tono rami. Iya ta ja reshe tana zagin kowa da kowa har da Kawu. Dogon magini ya ɗauki katako, na ce yau dubunsa ta cika. Sai ya ja shi a miƙe sau biyu ya jefar. Kawu ya zuba ruwa, ruwan ya kwanta a tsakiya. Na biyun ma haka. Maigidana ya ɗauki tsintsiya ya share nasa sama-sama, ya bar shi kaca-kaca, ya tsuguna a gefe.

Na ce shi ke nan, tsoho ya kunyata mu.

Amma Kawu sai ya juya kan Wuta-wuta ya ɗaga lema. Ya fara da ranar da aka haife shi, ya bi ta kan tuƙinsa, ya gangaro kan surukarsa, ya yi ta jan magana yana zagaye shi. Direba yana rantsuwa yana kuka, jama'a suna ihu, ɗan kwangila yana cewa dama ya sani. Ni kaina na shiga, ina cewa a matse shi. Daɗi ya kama ni, na juya in taɓa maigidana in ce ka ga ikon Allah.

Idonsa yana kan Kawu kamar na kowa. Hannunsa ne ba ya tare da shi. Ya lalubo katakon da dogon ya jefar, yana bin filin nan da ya bari kaca-kaca, a hankali, baka-baka, kowace shafa tana hawa kan 'yar'uwarta. Ina kallo ya matsa da baya a tsugune. Ina kallo ya karkata katakon ya datse gefen.

Shekara nawa ina kallon hannun nan yana wannan aikin, ban taɓa jin tsoronsa ba sai ran nan. Na so in take filin da ƙafata, wallahi na so, har na ɗaga ƙafar. Sai na ga Auta a tsaye leburori biyu sun riƙe masa hannu, na mayar da ita.

Kawu ya yanke maganarsa a tsakiya. Ya ce wa direba, “Je ka, ɗana, ka yafe ni.” Ya tako ya tsiyaya sauran ruwan gorarsa a filin maigidana. Ruwan ya miƙe ya gangara ya fita ta gefe.

Maigidana ya kalli katakon da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi ajiya. Ya aje shi, ya miƙe ya ce, “Ku saki yaron. Ni ne.”

* * *

Ɗan kwangila ya yi kansa, aka riƙe shi. Maigidana ya ce, “Kafin ka dake ni, ku biyo ni.” Ya shiga ruwa har ƙugu, mu ma muka bi shi zuwa gidan farko. Ruwa ya jiƙa filastar ta kumbura. Ya sa hannu ya ɓare ta, sai ga tsaga daga ƙasa har taga, ya tura hannunsa ciki har wuyan hannu. Ya wuce gida na gaba, haka. Na gaba ma haka.

Ya ce, “A kan laka aka zuba yashin nan, ba a bari ya zauna ba aka ɗora gini. Kullum gidajen nutsewa suke yi. Na faɗa, aka ce in rufe. Na rufe, ta buɗe, na sake rufewa. Da hannuna na lulluɓe su. Wata mai zuwa mutane za su kwantar da 'ya'yansu a nan. In na tsaya a kasuwa na faɗa, wa zai yarda, ga fenti yana ƙyalli? Na ce bari ruwa ya faɗa.”

Wata mata da aka ba ta gida a layin ta zauna daɓas a cikin ruwa tana salati. Jama'a suka juya kan ɗan kwangila, shi kuma ya fara neman wayarsa a aljihun da ba ta ciki. A daidai nan motar 'yan sanda ta ɓullo. Da suka ji bayani suka ga bangon, suka ce mutum biyu za su tafi da su, ba ɗaya ba.

Auta ya zo ya tsaya kusa da ni. “Yaya, da na san shi ne da na ce ni ne. Ni ba ni da 'ya'ya.”

Na ce, “In ka sake faɗa sai na mare ka a gaban mutane.” Ina faɗa ina hawaye, shi ma haka.

Kawu yana can gefe yana kakkaɓe lemarsa, ya ƙi haɗa ido da ni. Ni na ɗauko shi na ce ya fito da ƙanina, kuma ya fito da shi.

Na je bakin motar. Maigidana yana zaune a baya, wandonsa yana ɗigar da ruwa. Ya ce, “Tun safe nake son in tashi in faɗa. Ƙafafuna suka ƙi.”

Na ce, “Gidajen nan, ko duka ka rushe su ban ga laifinka ba, kuma duk wanda ya tambaye ni haka zan ce. Amma wunin da ƙanina ya yi a cikin ƙarfe yana gasuwa, kana zaune kan bulo kana ce min kanka ke sara, wannan ban yafe ba. Sai ka dawo mu yi maganarsa.”

Ya ɗago kai. “In dawo?”

“To ina za ka? Wa zai gaya wa yaran abin da ubansu ya yi, ni?”

Direban ya ta da mota. Na bi ta da sauri na ce su tsaya, na koma wurin barona na juye abin da ya rage a tukunya cikin kwano na miƙa masa ta taga, don tun safe bai sa komai a cikinsa ba.